Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske rol-on na kawo sankarar mama?

Assalamu alaikum masu bin wannan fili, ya zafi? Tun da bazarar nan ta kankama saƙonnin da ke shigo mana suka koma kan magana guda, wata murya ce ke yawo a WhatsApp ana cewa mata su zubar da rol-on da deyo wai su ke jawo sankarar mama. Na tsamo huɗu da nake ganin sun ɗauke sauran, na kuma bar su yadda masu su suka rubuto.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Dan Allah ina cikin damuwa, Innata ƙanwar mamata anka gano tana da sankarar mama, yanzu haka tana Yamai wajen magani. To sai ga wata murya a gurup ɗinmu na dangi wata mata na cewa rol-on shina toshe zufa sai guba ta taru a hammata ta gangara cikin mama. Tun ranar na zubda nawa da na ƙannaina, kuma wasu a gida har sun fara cewa gayun Inna ne ya ja mata. Ni tun ina kolej nake shafawa kullum. Na riga na ɗauka kenan? Mi zan sha ya wanke mani gubar? Daga wata ɗiya a unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Ɗiyata, Allah ya ba Inna lafiya ya sa kaffara ce. Kafin in taɓa rol-on bari in fara da abin da ya fi ci mani rai a saƙonki, dan Allah ki ce wa mutanen gida su bar wannan magana ta gayu. Mace na can kwance ana ɗura mata magani, gashi na zuba abinci baya zama a ciki, a ce kuma abin da zai iske ta daga gida shi ne ita ta ja wa kanta? Ba wani lokotoro da zai duba ta ya ce rol-on ne sanadi, kuma mata nawa ne a ƙauyukan Dakoro da Mayahi da basu taɓa riƙe kwalbar deyo ba amma cutar ta kama su.

To mu dawo kan kayan. Iri biyu ne a kanti. Akwai mai kashe wari kaɗai, turare ne da ɗan sinadarin da ke rage ƙwayoyin cutar da ke kan fata, zufa kuwa tana fita abinta. Akwai kuma mai tsaida zufa, shi ne zaki ga an rubuta anti-transpirant a jikinsa, idan kika juya bayan kwalbar zaki tarar da aluminium chlorohydrate ko aluminium zirconium a cikin jerin kayan haɗin. Wannan gishirin alminiyam ɗin in ya haɗu da danshin hammata sai ya yi kauri ya toshe bakin ƙofofin zufa kamar yadda ake cusa tsumma a bakin buta, a sama-sama yake tsayawa, kuma da wanka da saɓar fata yake fita shi ya sa sai an yi ta sake shafawa.

Ita kuwa maganar guba a nan mai muryar ta ɓata tun daga tushe. Zufa ruwa ce kusan kashi 99 cikin ɗari, sauran ɗan gishiri ne da makamantansa, aikinta sanyaya jiki. Masu tace dattin jini hanta ce da ƙoda, ta fitsari da bayan gida suke fitar da shi, ko kin tsaida zufar hammata kwata-kwata suna nan suna aikinsu. Kaluluwar da ke hammata ma ba ta hanyar zufa take zubar da abin da ta tace ba, kuma ruwan da ke bi ta cikinta daga mama yake tahowa zuwa hammata, ba daga hammata yake gangarawa mama ba, dalilin kenan da ya sa sankara in ta fara yaɗuwa a hammata ake fara jin ta. Mai muryar ta kuma ce ai cutar ta fi fitowa ta gefen sama kusa da hammata, eh wannan gaskiya ne, amma saboda a nan ne naman da ke yin ruwan nono ya fi yawa, inda naman ya fi yawa nan cutarsa zata fi fitowa.

Kuma zancen ba sabo bane, tun wajen 1999 ya fara yawo a saƙonnin imel a Amurka, yanzu ne aka mayar da shi Hausa ya iso wayoyinmu. Da ya yi ƙarfi masu bincike basu yi watsi da shi ba. A 2002 wasu masana a birnin Siyatil na Amurka suka tambayi mata 813 masu sankarar mama da wasu 793 masu lafiya, wa ke shafawa, wa ke aske hammata, wa ke shafawa cikin awa guda bayan aski, basu ga wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. Abin da ya sake tada ƙura shi ne aikin wata malama mai suna Philippa Darbre ta jami'ar Reading a Ingila a 2004, ta duba naman sankarar mama guda 20 ta samu sinadarin paraben a 18, wani sinadari ne da ake sawa a kayan shafa don kar su lalace kuma yana ɗan kwaikwayon sinadarin mace na estirojin amma da rauni ƙwarai. Sai dai bata gwada da naman masu lafiya ba, bata kuma nuna daga ina paraben ɗin ya shiga jikin ba, ga shi yana cikin man shafawa da shamfu da magunguna har da wasu kayan abinci, kuma yawancin rol-on na manyan kamfanoni yanzu ma babu shi. Tarayyar Turai ta hana iri biyar daga cikinsa a 2014.

Ba zan ɓoye maki wanda ya karkata ɗaya gefen ba. A 2017 a birnin Innsbruck na Ostiriya an gwada mata 209 masu cutar da 209 masu lafiya, sai aka ga waɗanda suka ce suna shafawa sau da yawa a yini tun basu kai shekara 30 ba sun fi yawa cikin masu cutar. Amma ki lura tambayarsu aka yi abin da suka yi shekaru da dama baya, kuma macen da ciwo ya kama ta kwana tana laluben me na yi me na yi, ta fi mai lafiya tuna kowace shafa, wannan kaɗai yana iya karkatar da sakamako. Da aka zo aka auna alminiyam ɗin da ke ratsa fata kuwa, wani gwaji na 2001 ya samu kashi 0.012 ne cikin ɗari na abin da aka shafa, bai kai wanda ke shiga cikinmu ta abinci da ruwa ba. Hukumar magunguna ta Faransa a 2011 ta ce a yi taka-tsantsan kar a shafa a fatar da ta ji rauni ko bayan aski, sannan a 2020 kwamitin masanan Tarayyar Turai mai duba kayan kwalliya ya sake nazari da sabbin gwaje-gwaje ya ce babu haɗari matuƙar alminiyam bai wuce kashi 6.25 cikin ɗari a na shafawa da 10.6 a na fesawa ba.

Ni dai abin da na tsaya a kai, bayan shekara sama da ashirin ana tonon maganar ba'a samu hujjar da ta nuna rol-on na kawo sankara ba. In hankalinki bai kwanta ba ki sayi mai kashe wari kaɗai wanda babu alminiyam, ba laifi, in kuma kin koma wa naki ki bari sai kwana guda bayan aski. Kar ki sha komai da sunan wankin guba, ba abin da ya taru balle a wanke shi, kuma irin waɗannan jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a bidiyo su ne ma ke iya taɓa ƙoda. Abin da ya shafe ki da gaske a labarin Inna shi ne jini, akwai nau'in da ake gado ta ƙwayoyin halitta da ake kira BRCA1 da BRCA2, ba yawancin masu cutar bane amma akwai. Ki bincika a dangin mamarku da na babanku ko akwai wadda ta taɓa yin ciwon mama ko na ƙwan mahaifa, tana shekara nawa ya same ta, ki riƙe wannan ki faɗa wa ungozoma ko lokotoro duk ranar da kika je awo. Mamarku ma ta je a duba ta, ita ce ta fi kusa.

TAMBAYA: Hajiya ni ɗan kabu-kabu ne, tun safe ina bisa babur cikin rana, in ban fesa ba fasinja baya iya zama bayana. Sau ukku nake fesawa a yini, na jika guda nake saye a kasuwa. Shin mu maza abin ya shafe mu? Kuma tsohona yana da ciwon ƙoda wani lokaci shina amfani da nawa. Daga Bagalam.

AMSA: Ɗana Allah ya tsare hanya. Maza na yin sankarar mama amma kaɗan ne, hukumar lafiya ta duniya ta ce tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin ɗari na masu cutar, kuma ba ruwan feshinka da ita. Maganar Baba ce mai muhimmanci. Ƙoda ce ke fitar da ɗan alminiyam ɗin da ya shiga jini, in ta yi rauni sosai har ana zancen wankin ƙoda to yana iya taruwa, shi ya sa a Amurka doka ta sa ake rubuta wa a jikin kwalbar cewa mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna. Ka sai masa mai kashe wari kaɗai, ka kuma faɗa wa mai duba shi.

Na fesawa yana da nasa zancen daban. A ƙarshen 2021 wani ɗakin gwaji a Amurka ya gano sinadarin benzin a cikin wasu gwangwanayen feshi, har kamfanin Procter & Gamble ya janye wasu nau'o'in Old Spice da Secret daga kasuwa. Shi benzin tabbas yana kawo sankarar jini, amma ba ya cikin kayan haɗin, gurɓata ce ta shiga ta iskar da ke tunkuɗo feshin. To kaga irin wannan gyara ana yinsa ne a inda ake da mai bin diddigi, gwangwanin da ya shigo ta Ɗan Isa ba sunan kamfani ba ranar lalacewa, ya kuma wuni a tebur rana na dukansa, wa zai janye shi? Gara ka ƙara ɗan kuɗi ka sai rol-on a farmasi ko kanti mai inuwa. Ka shafa da dare bayan wanka hammata a bushe, a lokacin zufa ta lafa yana samun zama ya kai ka har washegari, sau ɗayan nan ya fi ukun da kake fesawa a kan jiƙaƙƙiyar riga. Ka rage gashin wurin, ka riƙe rigar auduga ta canji a ƙarƙashin sirdi, ruwa kuwa ka sha sosai.

TAMBAYA: Anti ni gyaran amare nake yi. Na bar ba su rol-on na koma alimun da lemun tsami tunda su na Allah da Annabi ne ba sinadari. Na yi daidai? Daga Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Ƙanwata alimun yana aiki kam, amma shi kansa gishirin alminiyam ne, in alminiyam kike gudu to baki bar shi ba. Ki ci gaba da shi in amarenki na jin daɗinsa, sai dai kar ki ce masu kin raba su da sinadari. Lemun tsami ne ban yarda da shi ba, musamman a hammatar da aka yi wa halawa ko aski ranar nan, yana ƙona fata kuma in wurin ya warke sai ya bar baƙi, wanda shi ne kike son gogewa tun farko. Humra da turaren wuta ƙamshi suke ƙarawa a kan jiki mai tsabta, basa kashe ƙwayoyin da ke kawo warin, domin zufar hammata da kanta bata da wari sai ƙwayoyin fata sun ci ta.

Tunda sana'arki ce bari in roƙe ki abu guda. Tsoron da ake yi wa rol-on da mayukan bilicin aka yi wa da na ji daɗi, waɗanda ake haɗawa a roba ba suna, da sinadarai masu ƙarfi irin su hydroquinone da kortikoyid wani lokacin har da makuri a ciki. Illarsu ba jita-jita bace, fata ta yi siriri jijiyoyi su fito, nankarwa ja ta tsattsage cinya da damtse, ciwo ya ƙi warkewa, ga hawan jini da suga ga lalacewar ƙoda. Su ya kamata su fara barin teburinki.

TAMBAYA: Anti ina da shekara 41 da ɗiya shidda. Wata biyu kenan na ji wani ƙullutu a hammatar hagu, baya ciwo. Anka ce rol-on ne na daina amma bai baje ba, yanzu wani magani nake shafawa da maƙwabciyata ta amso mani. Maigida ya ce in bari sai bayan damina, ni kuma ina tsoron in je likita su ce za su yanke. Daga Tibiri.

AMSA: 'Yar'uwata saƙonki ne ya sa na ce dole filin wannan mako ya tafi kan maganar nan. Ki je asibiti cikin satin nan, ba bayan damina ba, kuma ki karanta wa maigida wannan amsa ko ki ba shi ya karanta da kansa. Ba ina ce maki sankara bace, ƙullutun hammata sau da yawa kaluluwa ce ta wani ɗan ciwo a hannu ko a mama, ko maruru, ko gashi ya koma ciki bayan aski, wani lokacin ma tarin fuka ne ke fitowa ta nan. Amma irin waɗannan yawanci suna zafi kuma cikin sati biyu zuwa uku sun baje. Wanda ya yi wata biyu, baya ciwo, bai ragu ba, a jikin mace mai shekara 41, ba'a zama da shi a gida. Rashin zafin nan da ke kwantar maki da hankali shi ne ni yake tada nawa, sankarar mama a farkonta galibi bata ciwo.

Kinga illar muryar nan kenan da nake ta jin haushi, ta ba ki amsa mai sauƙi kika jefar da kwalba kika zauna jira, wata biyu sun tafi. A 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da wannan cuta a duniya, 670,000 suka rasu, kuma kusan rabin waɗanda take kamawa ba su da wani dalili da za'a nuna in banda kasancewarsu mata da shekaru sun haura 40. Haihuwa da shayarwa suna ragewa, wani babban nazari na 2002 ya nuna kowace shekara guda ta shayarwa tana rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin ɗari, amma ragi ne ba katanga ba, kar ɗiya shidda su sa ki saki jiki. A Nijar ita ce sankarar da ta fi kama mata, kuma abin da ke cinye mu shi ne zuwa a makare. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin awo ya san hoton, mace ta shigo da ɗan zane ta naɗe ƙirji a ƙarƙashin hijabi, a kwance zanen a tarar da baƙin ƙullin magani ya bushe a kan gyambo, a tambaye ta tun yaushe ta sunkuyar da kai ta ce tun yana kamar ƙwayar gujiya, bara waccan. Lokacin da yake kamar gujiyar nan ne ake cin ƙarfinsa.

Yau da dare ki wanke maganin nan ki daina shafa shi. Ki tsaya gaban madubi ki ɗaga hannuwa sama ki dubi maman biyu, ko ɗaya ya canza girma, ko fatar ta lotsa ko ta yi ƙofofi-ƙofofi da kauri, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da jini ko wani ruwa alhali ba shayarwa kike ba. Sai ki kwanta ki sa hannun hagu a bayan kai, ki bi maman hagu da tafin yatsu uku na dama a hankali kina dannawa kina zagayawa har cikin hammata da ƙasan ƙashin wuya, ki juya ki yi wa ɗayan. Duk abin da kika ji ki riƙe shi a ka don ki faɗa. Sauran masu karatu ma wannan dubawar ta kowane wata ce, kwana biyu-uku bayan wankan tsarki lokacin da maman ya saki.

Ki fara da CSI ɗinku, wato ƙaramin asibitin da ke kusa da ku, ungozoma zata taɓa ta rubuta maki takarda zuwa Maraɗi, ga asibitin uwa da yaro ga babban asibitin Referans, Tibiri ba nisa. Abin da za'a fara yi hoto ne na eko irin wanda ake yi wa masu ciki, mai yiwuwa da mamografi wato hoton mama, ba wuƙa ba. In sun ga dalili sai su ɗebi ɗan nama da allura a kai awo, kuma maganar da ake yi wai in ƙarfe ya taɓa sankara sai ta bazu ba haka bane, ba tare da wannan awon ba babu wanda zai san me ake yaƙa. Ko da ita ce, ba kowa ake cire wa mama gaba ɗaya ba, ya danganta da girmanta ranar da aka gan ta, kuma tun 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai tana da na'urar da ake gasa sankara da ita, abin da a da sai an fita waje.

Malam maigida, kuɗin mota da na hoto yau ba za su kai rabin abin da za'a nema ba in aka jira kaka, ka raka ta da kanka ko ka haɗa ta da 'yar'uwarta. Ke kuma ranar da za'a yi maki mamografi ki yi wanka da sabulu kaɗai, kar ki shafa rol-on ko hoda ko alimun a hammata da ƙirji, ɓurɓushinsu yana fitowa fari-fari a hoton ya rikita mai karantawa. Ki tafi da karnenki na awo da robar maganin da maƙwabciya ta kawo su gani, in kin dawo ki rubuto mana abin da suka ce.